Faransancin ƴan koli: maganar titi a teyatur ɗin Landan, ta wa ce?

Ƴan uwa ɗalibai, duk wanda ya zauna ajin Ingilishi cikinmu ya san yadda ake shigo muna da Shekspiya: da rawani da alkyabba. Layi biyu na wasa, layi goma na bayani a ƙasan shafi, ƙamus a hannun hagu. Sai mutum ya tashi yana zaton mutanen Landan na shekara 400 da sunka wuce ko ruwa za su roƙa sai sun tsara baiti. Ni ma haka na ɗauka, har ranar da wata fotokopi mai dishi-dishi ta faɗo hannuna. Kashi na biyar ne na wani wasa da Thomas Middleton da Thomas Dekker sunka rubuta tare, The Roaring Girl, wanda anka buga a 1611. In za a juya sunan da Hausa sai a ce Gagararriyar Yarinya. A ciki na tarar da ɓarayi da mabarata suna magana da wani yare nasu wanda ko haifaffen Landan ba ya ji sai an fassara mishi. Na yi murna ƙwarai. Na ce to, yau ga titi ya hau dandamali, talaka ya samu baki.

Wata shida ke nan, kuma na janye rabin murnar. Yanzu a ganina wannan yaren ɓarayi, wanda ya fi komi kama da maganar titi, shi ya fi komi nisa da titi. Maganar talaka mai rai tana nan cikin wasannin, amma a wani lungu daban inda ba a buga mata ganga.

Bari mu fara da inda yaren ya fito. A ƙarni na 16 mutane na ta kwarara daga ƙauyukan Ingila zuwa Landan, har garin ya kai wajen mutum 200,000 a 1600. Marasa gona da marasa ubangida sun cika hanyoyi, masu mulki kuma tsoronsu suke ji. Dokar 1572 ta ce duk ɗan yawon da anka kama a yi mishi bulala, a huda mishi kunnen dama da ƙarfe mai zafi. Ku riƙe wannan: ita dokar ta lissafa ƴan wasan kwaikwayon da ba su ƙarƙashin wani basarake cikin ƴan yawo. Tsakanin ɗan teyatur da mabaraci, takardar ubangida ce kawai.

A wajen 1566 wani mai hali a yankin Kent, Thomas Harman, ya fitar da ɗan littafi na gargaɗi kan mabarata. Ya ce rashin lafiya ta zaunar da shi gida, sai ya riƙa kiran masu bara da ke zuwa ƙofarsa, yana ba su abinci da ƴan kuɗi, yana lallashinsu har su faɗa mishi asirinsu. Daga nan ya buga asirin, har da sunayen mutane, don hukuma ta kama su. A ƙarshen littafin ya jera kalmomi fiye da ɗari na yarensu. Sunan da ake kiran yaren da shi a lokacin zai ba mu dariya mu nan: Faransancin ƴan koli. Wato ga Ingilishi na zamanin, duk maganar da ba ya fahimta Faransanci ce.

Kalmomin kansu suna da daɗi, ba na musu. Gida ken, mace mort, namiji cove. Dare darkmans, rana lightmans. Kalmar cheat a yaren tana nufin abu, sai a riƙa liƙa mata siffa: kaza abu mai kyarkyara, alade abu mai gurnani, tunkiya abu mai kuka, harshe abu mai surutu. Burodi pannam, wanda duk mai jin Faransanci zai hango danginsa, don daga Latin sunka fito tare. Turun da ake saka ƙafar mai laifi a ciki kuwa harmans, dogarin unguwa harman beck. Ku dubi sunan mai littafin ku sake duban waɗannan biyu. Ni dai duk sanda na zo wurin sai na yi murmushi.

To ga inda gizo ke saƙa. A 1608 Dekker, ɗaya cikin marubutan wasanmu, ya buga littattafai biyu kan ƴan damfarar Landan, The Bellman of London da Lantern and Candlelight, sunka samu kasuwa sosai. Jerin kalmomin da ya sa a na biyun, kusan duka na Harman ne ya kwashe. Ba a daɗe ba ma anka tona shi: a 1610 wani mai sa hannu da haruffan S.R. ya fito da nashi littafin yana mishi ba'a cewa tsohon kaya ya sato. Shekara guda bayan haka sai ga kalmomin nan a bakin ɓarayin The Roaring Girl. Ku lissafa daga 1566 zuwa 1611, shekara 45. Ku kuma tuna sarar da muke yi a fada shekara ukku baya, wadda in ka furta ta yau ƙannenka za su ce tsoho ya zo. Yare na asiri, wanda amfaninsa duka shi ne kada dogari ya ji, an buga shi a littafi ana saida shi a kasuwa, a ce kuma ɓarayi sun zauna kansa shekara 45 ba su sauya ko kalma ba? Ɓarawon da ya yi haka ai ya cancanci a kama shi. Abin da ƴan kallo sunka ji a 1611 daga takarda ya fito ya koma takarda, ya bi ta bakin ɗan wasa.

Ban ce Harman ƙirƙira ya yi ba. Tun kafin shi, wajen 1535, Robert Copland ya sa ƴan layuka na irin yaren a wani rubutu nasa, kuma kalmomi irin booze na giya da duds na tufafi suna raye har yau a bakin masu Ingilishi. Akwai abu a ƙasa. Amma abin da ya hau dandamali busasshe ne, kamar kilishi: asalinsa nama, sai dai ba ya motsi.

Ku dubi yadda anka gina fitowar. Moll, jarumar wasan, mace ce mai sa kayan maza, mai riƙe takobi, ana mata laƙabi da mai yankan aljihu. Tana tafe da wasu manyan mutane da ƴaƴan masu kuɗi, sai ga ƴan damfara biyu, Trapdoor da Tearcat, sun yi shigar tsofaffin sojoji suna bara. Moll ta gane su, ta tona su, sannan ta sa su yin yaren. Su faɗa, ita ta fassara ma manya. Har waƙa sunka yi da yaren, ta juya musu ita da Ingilishi mai tsabta. Da anka zo kan wata kalmar batsa sai ta ƙi bayani da bakinta, ta ce a tambayi ɗan iskan. Wani sangartaccen yaro, Jack Dapper, daɗi ya kama shi har ya ce zai biya malami sule biyu da sisi kowane mako a koya mishi wannan Faransanci.

Wannan ai aji ne. Akwai malama, akwai kayan gwaji guda biyu, akwai ɗalibai masu biyan kuɗi. Trapdoor da Tearcat ba wani asiri suke ƙullawa ba, ba abin da suke ɓoye ma kowa. Yaren da anka yi don ɓoyewa ya koma abin nuni kamar wasan kura a kasuwa. Ko labarin wasan bai dogara da fitowar ba, in ka cire ta auren da ake ƙoƙarin ɗaurawa zai ɗauru. Waɗanda sunka karanta Les Misérables a lise za su tuna yadda Victor Hugo ya tsaida labari cak ya yi dogon darasi kan yaren ɓarayin Pari. Hali ɗaya ne: marubuci ya riƙe hannun mai karatu mai mutunci, ya leƙa da shi rami, ya maido shi gida lafiya.

In yi ma marubutan adalci, sun san tambayar da za a yi. Manyan sun tambayi Moll yadda ta san wannan duka in ba ita ma ɓarauniya ce ba. Ta ba su misali da matafiyin da ya je Venis, wani kawali ya bayyana mishi dabarun karuwai, ya dawo ya gargaɗi abokinsa: sanin ya maida shi kawali? Amsa ce mai kyau, kuma tun kafin ta ba da ita ta riga ta nuna amfanin sanin nata, ta umarci wasu ƴan sane su maido jakar kuɗin da anka yanke ma wani a gidan wasa na Swan. Amma ku lura da wanda sanin ya amfana. Aljihun mai kuɗi anka tsare.

Shekspiya ya fi su wayo, kuma ya fi su ban tsoro a nan. A wasan Sarki Henri na Huɗu, littafi na farko, wanda anka buga a 1598, Yarima Hal ya bar fada yana kwana a mashayar unguwar Eastcheap tare da Falstaff. A kashi na biyu ya fito yana alfahari cewa cikin kwata na awa ya ƙware a yaren yaran mashaya, ya san abin da suke kiran shan giya da yawa, zai iya zama ya sha da kowane mai liƙin kwano da harshensa. Sai ya ce bari ya nuna gwaninta. Ya kira wani yaro mai suna Francis, wanda saura mishi shekara biyar na koyon aiki, wanda ɗazu-ɗazu ya yi ma yariman kyautar sukari na kwabo ɗaya. Yarima na jansa da hira, yana mishi romon baka da fam dubu, yana tambayarsa ko zai iya gudu ya bar maigidansa, abokin yarima kuma na ɗaki na gaba yana ta ƙwala ma yaron kira. Francis ya rasa inda zai yi, ba abin da ke fita bakinsa sai kalma ɗaya, anon, wato ina zuwa. Da ya fita yarima ya ce ko aku ya fi shi yawan kalmomi.

Na san a dandamali fitowar na ba da dariya. Ni da na karanta ta karo na biyu ban yi dariya ba. Yaron da ya ba ka abin da ya mallaka, ka koyi maganarsa, ka juya ka ɗaure shi da ita. Kuma Shekspiya bai bar mu cikin shakka ba. A littafi na biyu, kashi na huɗu, sarki na kwance yana kukan lalacewar ɗansa, sai Warwick ya kwantar mishi da hankali: yarima nazarin abokan nan yake kamar mai koyon baƙon harshe, wanda dole ya san har kalma mafi ƙazanta, in ya san ta kuma ba zai ƙara amfani da ita ba sai don ya ƙi ta. Haka kuwa anka yi. Ranar naɗi Falstaff ya tare hanya yana kiransa da sunan wasa, sabon sarki ya dube shi ya ce bai san shi ba. Wani masani ɗan Amurka, Stephen Greenblatt, ya haɗa Harman da Hal tun shekarun 1980. Na faɗa don kada in yi halin Dekker. Abin da zan ƙara nawa shi ne, Dekker da Middleton sun saida muna darasin, Shekspiya kuwa ya nuna muna mai sayen darasin da abin da zai yi da shi.

To ina maganar mai rai take? Ku koma farkon kashi na biyu na littafi na farko. Da asuba ne, a wani masauki a garin Rochester. Mutum biyu masu dakon kaya a kan dawaki sun tashi suna neman yaron barga. Ba sarki, ba jarumi, ba mai fassara. Ɗaya na ƙorafin wake ya jiƙe zai sa ma dawaki tsutsa. Ɗaya ya ce ƙuma ta cinye shi, duk hanyar Landan ba gidan da ya kai wannan ƙuma. Sunka ce masu gidan ba su ba baƙo ko tukunyar fitsari, dole a yi a murhu, shi ke haifar da ƙumar. Sunka tuna tsohon mai kula da bargar, Robin, wanda tun da hatsin dawaki ya yi tsada bai ƙara walwala ba har ya mutu. Ɗaya na da cinyar alade da citta da zai kai Charing Cross, ɗaya talo-talonsa na mutuwa da yunwa cikin kwando. Wani ɗan leƙen asirin ƴan fashi ya zo aron fitila, sunka gane shi, sunka hana shi da gatse.

Ba kalmar asiri ko ɗaya a bakinsu, amma duk wanda ya taɓa kwana tasha yana jiran mota ya san mutanen nan. Maganarsu na tsalle daga doki zuwa ƙuma zuwa mamaci, kamar yadda ta mai gajiya ke yi. Kuma maganar tsadar hatsi ba ado ba ce: daga 1594 zuwa 1597 damina ta yi ta ɓaci a Ingila, abinci ya yi tsada, talakawa sun mutu da yunwa, a daidai lokacin anka rubuta wasan. Wanda ya biya kwabo ɗaya ya tsaya a filin gidan wasa ya san abin da ya kashe Robin. Layi guda ne, ba a tsaya kansa ba, kuma ya fi waƙar ɓarayin nan duka nauyi.

Haka uwar mashaya, Quickly, a littafi na biyu, sanda ta kai ƙarar Falstaff gaban babban alƙali kan bashi da alkawarin aure. Ba ta iya cewa ya yi mini alkawari ta tsaya. Sai ta kawo kofin da ya rantse a kai, da sunan ɗakin, da teburin, da wutar kwal, da ranar Laraba ta makon wata sallar Kirista, da cewa tana wanke mishi rauni a ka, da matar mahauci da ta shigo aron ruwan tsami don ta dafa jatan lande, da yadda shi ya ce yana so ita kuma ta ce ba shi da kyau ga ɗanyen rauni. An rubuta ta don a yi mata dariya, gaskiya ne, tana kuma karya manyan kalmomi. Amma wadda ba ta da takarda ba ta da shaida, da me za ta kafa hujja in ba da kofi da ranar Laraba ba? Surutun nata shi ne rasit ɗinta.

Akwai kuma ƙananan abubuwa biyu da bayanin ƙasan shafi ke wucewa da gudu. Na farko thou da you. A aji an ce muna thou tsohuwar kalma ce ta girmamawa. Akasin haka ne: kamar tu da vous suke, ko yadda muke ce ma suruki ku. Thou ta aboki ce, ta yaro, ta bara, ko ta wanda kake son ka wulaƙanta. A Twelfth Night, Sir Toby na koya ma abokinsa rubuta takardar neman faɗa, ya ce in ya jefa ma abokin gaba thou kamar sau ukku ba laifi. Hal da Falstaff sun daɗe suna thou da juna ta shaƙuwa. Ranar naɗi ma da ita sarki ya kore shi. Kalma ba ta sauya ba, mai faɗinta ne ya hau karaga.

Na biyu rantsuwa. Mutanen titi na rantsuwa da jini da raunukan Almasihu, a gajarce, irin zounds. A 1606 majalisa ta kafa doka: duk ɗan wasan da ya ambaci sunan Allah da wasa a dandamali zai biya tarar fam 10, rabi na sarki rabi na wanda ya kai ƙara. Fam ɗaya kwabo 240 ne, ke nan tarar kuɗin shigar mutum 2,400 ce na masu tsayuwa. Shi ya sa Othello na bugun 1622 ke cike da rantsuwa, Iago ma da ita ya buɗe baki, amma a babban kundin 1623 an share da dama. Ku lura da abin da hukuma ta hana da abin da ta bari. Yaren ɓarayi na cikin littafi bai dame ta ba, an ci gaba da yin sa har wasan A Jovial Crew na Richard Brome a 1641, dab da rufe gidajen wasa a 1642. Abin da ke fita bakin kowa kullum shi ta sa ma tara.

Dalilin da ya sa abin ya tsaya mini a rai, bara ni na rubuta ɗan kabu-kabu a ƙaramin wasanmu na ƙarshen shekara. Na yi mako biyu ina bin fada da kaye ina tara sara, na zuba mishi su duka a baki. An yi dariya har da tafi. Bayan an tashi, ƙanena ɗan kawuna, wanda sana'arsa ke nan, ya ce mini: Yaya, wa ke faɗin waɗannan yanzu? Mu fa zancenmu kuɗin isansi ne da abin da za a kai ma mai babur da dare. Ban san Harman ba a lokacin, amma aikinsa na yi, har da kayen.

Moll kuwa mutum ce ta gaske. Sunanta Mary Frith, tana raye a Landan sanda ake wasan, ta rasu a 1659. A 1611 ta hau dandamalin gidan wasa na Fortune da kanta, cikin kayan maza, da takobi, ta kaɗa wani abin kiɗa irin molo ta yi waƙa. Abin da ta faɗa ran nan ba ya cikin littafin Middleton da Dekker. Mun san shi ne daga rajistar kotun coci ta Landan, inda anka gurfanar da ita a Janairun 1612. Magatakarda ya rubuta cewa ta ce ma ƴan kallo ta san da yawansu na zaton namiji ce, amma duk wanda ya biyo ta masaukinta zai tarar mace ce. Ya ƙara da cewa ta yi wasu maganganu na rashin kunya, bai rubuta su ba. A Fabrairu anka tsaida ta a bainar jama'a a harabar cocin Saint Paul don ta nuna tuba. Ta yi kuka sosai, sai dai wani mai suna John Chamberlain ya rubuta ma abokinsa wasiƙa cewa an gano ta sha giya ta yi tatil kafin ta zo.